Takardar soja da bakin tsofaffi: yaya kuke karantar da ɗaukar soja na zamanin Nasara?

Mushe na CM2 (ajin ƙarshe na firamare), Tawa: Salamu alaikum malamai. Masu karantar da wannan darasi da takardun asali, ku zubo mana abin da ke aiki a ajin yara 70. Mafi sauƙin samu shi ne ɗan littafin soja da ke cikin adakar gidajen ƴan mazan jiya. Kada asalin ya shigo aji, hannu goma ya isa ya yaga shi. A ɗauki hotonsa da salula, a yi hotokopi 10, yara bakwai-bakwai. A tabulo tambaya uku kawai: wa ya rubuta, yaushe, don wa?

Malamar tarihi, kolej, Yamai: Mushe, ƙara ta huɗu: wa ba ya cikin takardar? Littafin yana da suna, lamba, gari, da "né vers", wato shekarar haihuwa ta kintace. Babu matar da aka bari, babu gonar da ta kwana ba noma, babu lanhon da aka ci gaba da karɓa. Kuma yara suna ɗaukar duk abin da ke da hatimi gaskiya ne. In sun ga "engagé volontaire" sai su ce da son ransa ya tafi. Sai an bayyana masu cewa kumandan ke yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, kuma dokar 30 ga Yuli 1919 ta sa ana jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara 3. Waɗanda ƙuri'a ta tsallake ba su tsira ba: daga 1926 ana kwasar wasunsu aikin tilas, kuma ko da dokar 11 ga Afrilu 1946 ta soke aikin tilas, wannan kwasar ba ta tsaya ba sai 1950.

Tsohon direkta, Tawa: Ɗiyata kin taɓo wurin. Amma ku rufe sunaye kafin hotokopi. Sau da yawa ɗan talaka ko ɗan bawa sarki ke miƙawa, kuma jikan mai miƙawa da jikan wanda aka miƙa suna benci guda. Darasi sai ya koma gori a filin lakwal.

Malamar tarihi, Yamai: Gaskiya ne Baba. Rayuwar mutanen gida kuwa a bakin tsofaffi take. Kowane rukuni ya ɗauki muryar tsohuwa ɗaya, minti 10, da izininta: wa ya yi noma, me aka ci, su wa suka gudu ƙasar Ingilishi. Inda ake tuntuɓe shi ne haɗe yaƙe-yaƙe. Tsohuwa za ta ce "yaƙin Nasara" kawai, yaro ya rubuta 1914. Wadda ke raye yau ta ga tafiyar da idonta, galibi Indoshin ce (yankin Vietnam), 1946 zuwa 1954, ko Aljeriya, 1954 zuwa 1962. A gwada maganarta da shekarar da ke cikin littafin.

Ɗalibin tarihi, Jami'ar Abdu Mumuni: Wanda bai samu littafi ba, shafin intanet na Mémoire des hommes yana da katin sojojin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, kyauta. Ku gwada suna ta rubutu biyu ko uku, magatakardan Faransa da kunne suke rubutawa. Rahotannin kumandoji kuma suna Archives Nationales nan Yamai, sai dai faransancinsu ya fi ƙarfin ɗan CM2. Layi biyar ya isa, a fassara da baki.

Mushe na CM2, Tawa: Na gode. Abu guda: ajin da ke da yaran da hare-hare suka taso daga wajen Tilliya, kada a sa su wasan kwaikwayon kamun samari, kada kuma a ce su ba da labarin gidansu. A tsaya kan takardar. Malama, rukuni nawa kike iya saurare cikin awa guda?

Malamar tarihi, Yamai: Huɗu, minti biyar-biyar. Sauran su kawo a rubuce.