Dan Allah masu sanin besbol, alƙali ne ya cuci yarona ko ni ne ban gane ba?

Salam jama'a. Ina zaune a Bronx, yarona ɗan shekara 13 yana buga besbol a makaranta. Jiya ya make ƙwallo ta tashi sama sosai, abokansa biyu na tsaye a bes na ɗaya da na biyu (wato wuraren da masu gudu ke tsayawa a fili), yaron da ya zo cafewa ya sake ta ta faɗi ƙasa ƙiri-ƙiri, amma alƙalin wasa ya ɗaga hannu wai nawa ne ya fita. Wlh ban san sanda na miƙe ina ta masifa ba, har cikin mota yaron bai ce min uffan ba. In kai ƙara wajen koci ne ko yaya?

Kawu daga Chicago: Malam kar ka kai ƙarar nan, kunya za ka sha. Infil fulai sunan dokar, tun 1895 take. In akwai mutane a bes na ɗaya da na biyu, ko duka ukun, kuma ba a fitar da mutum biyu ba tukuna, sai ƙwallo ta tashi inda ɗan tsaron ciki, wato mai tsaro kusa da bes, zai iya cafewa ba wahala, to mai bugu ya fita ko an cafe ko ba a cafe ba. Ka ga in babu dokar, mai tsaro zai saki ƙwallon da gangan, yaran da suka tsaya suna jiran a cafe dole su ruga bes na gaba tunda mai bugu na tahowa a bayansu, shi kuma ya fitar da biyu a lokaci guda. Gata aka yi wa ƙungiyar ɗanka.

Wani daga Atlanta: Kawu bayaninka daidai ne amma ni dokar nan har gobe tana min ciwo. Waye ke auna "ba wahala" ɗin? Alƙali shi kaɗai. A 2012 a wasan ƙungiyarmu Braves da Cardinals, ɗan wasanmu Simmons ya buga ƙwallo ta faɗi can nesa da bes tsakanin masu tsaron Cardinals biyu, Kozma da Holliday, aka ce wai infil fulai ce, 'yan kallo suka dinga jifa da kwalabe sai da aka tsayar da wasa minti 19, aka cinye mu 6-3.

Kawu daga Chicago: To ai kukanka da alƙalin ne ba da dokar ba. Dan an yi kuskure a satar gida a ƙwallon ƙafa sai a soke ta?

Anti daga Harlem: Ku bar musun nan haka. Baban yaro, shirun da ya yi a mota ba haushin alƙali ba ne, kunya ka ba shi gaban abokansa. Ka zaunar da shi ka ce ya koya maka dokar da bakinsa, za ka ga yadda zai sake.

Mai tambaya: Na gode Anti, zan yi hakan in ya dawo daga makaranta. Amma Kawu, in mutum ɗaya ne kawai a bes na ɗaya fa?

Kawu daga Chicago: Babu dokar a nan, in dai mai bugu ya ruga da gaske mutum ɗaya kawai za su iya fitarwa.