Na haska Hellboy: The Crooked Man 'yan kallo sun watse, in maimaita ko in haƙura?

Mai Majigi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kafin Juma'a, kaina ya kulle. Ina riƙe da ɗan gidan kallon ƙwallo, asali na yayana ne, da ya koma sana'ar waya sai ya bar min da sharaɗin in riƙa ba shi wani abu duk wata. Bencinan ma rabi aro ne daga wurin kawunmu, kuma shi kawun tun farko bai so na karɓi wurin ba, ya fi so in koma makaranta. Ranakun da babu wasa wurin a rufe yake, haya kuwa tana tafiya, shi ne na ce bari in ƙirƙiro daren fim ɗin tsoro duk Juma'a bayan isha'i. Na kwashi adashi na sayi majigi, na ɗinka farin yadi, na buga fosta. Na fara da Hellboy: The Crooked Man na 2024 saboda samari sun san sunan.

Wuri ya cika. Tun daga farko, inda ƙaton gizo-gizon nan ya ƙwace a jirgin ƙasa, aka fashe da dariya. Can kuma sai "ba ma gani", "a ƙaro murya". Wani ya miƙe ya ce wannan ba Hellboy ba ne, jabu ne. Kafin a kai wurin cocin nan kusan rabi sun fice, wasu na neman kuɗinsu. Amma 'yan kaɗan da suka tsaya har ƙarshe sun ce fim ɗin ya yi, in maimaita za su zo da abokai. Yayana ya ce in rufe maganar. To in maimaita, in canza fim, ko in bar harkar?

Injiniyan Sauti:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu tarihin benci amma ba ka faɗi abin da za a duba ba. Wane irin majigi ne? Haskensa nawa? Fayil ɗin fim ɗin nauyinsa nawa? Ta ina ka haɗa sifika? Ba da amsar waɗannan huɗun, domin tun yanzu ina iya ce maka matsalar kayan aiki ce, ba ta 'yan kallo ba.

Mai Majigi:
Yallaɓai majigin sabo ne dal, a kwalinsa an rubuta ƙarfin haskensa lumen 9500. Fayil ɗin bai kai MB 400 ba, da gangan na zaɓi ƙarami don kada ya riƙa tsayawa. Sifikun ƙwallo na yi amfani da su, ba su taɓa ba ni matsala ba.

Injiniyan Sauti:
To ga ta nan. Lambar da ke kan kwalin ƙananan majigin nan ta talla ce. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne lumen na ANSI, kuma irin waɗannan da yawansu ba sa wuce 200 zuwa 400 a wannan ma'aunin. Ƙwallo fili kore ne da rana ko fitilu, ko da raunin haske za a gani. Wannan fim kuwa yawancinsa daji ne da dare da cikin bukka da rami. Ka watsa ɗan hasken nan a kan babban yadi, ga kwan lantarki a bakin ƙofa, ga wayoyin mutane, me za a gani?

Fayil kuma: fim ɗin minti 99 ne. MB 400 a kan minti 99 ya kama wajen rabin megabit a daƙiƙa, a ciki har da sauti. Idan aka matse hoto haka, inuwa ce ke fara mutuwa, duhu ya koma dabbare-dabbare, fuskar mutum ta narke cikin bango. Nemi asalin kwafi, ko faifan Blu-ray ko wanda aka saya, 1080p. Kada ka ɗauki mai alamar HDR, wato tsarin hoto mai faɗin haske da duhu, majiginka ba zai iya fassara shi ba, hoton zai fito fari-fari ko ya ƙara dusashewa.

Abin da za ka yi, a jere. Matso da majigin kusa har hoton ya ragu zuwa kamar inci 80, ƙanƙantar hoto ita ke tara haske. Kashe yanayin Eco, wanda ke rage haske don tanadin wuta. Sa baƙin yadi ko bargo a bayan farin yadinka, saboda siririn yadi yana zubar da haske ta baya. Toshe taga da ƙofa, kwan waje a kashe. Idan kwamfuta kake haɗawa ta HDMI, duba cewa ita da majigin sun daidaita a kan zangon haske ɗaya, wato daga baƙi zuwa fari, ko 16 zuwa 235 ko 0 zuwa 255. In suka saɓa, ko baƙi ya haɗiye komai ko ya koma toka-toka. Sannan ka sauke gamma, wato saitin hasken inuwa a majigin, daga 2.2 zuwa 2.0, inuwa za ta buɗe.

Murya kuwa, fina-finan nan da sauti 5.1 suke zuwa, wato an raba shi tasha-tasha don sifiku shida, kuma kusan duk magana tana tashar tsakiya ne. In na'urarka ta tura hagu da dama kawai zuwa sifika biyu, kiɗa da tsawa za su fito da ƙarfi, magana ta ɓace. A VLC, manhajar kunna bidiyo, ka mayar da sautin sitiriyo don a haɗe tashoshin, ka kunna kwamfuresa a wurin gyaran sauti ta ɗago raɗa ta danne ƙara. Janareta kuma a kai shi bayan gini. Ka yi waɗannan ka maimaita, ba wanda zai fita.

Baban Zane:
Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma "ba wanda zai fita" ɗin nan ya yi yawa. Ko a Ingila da aka haska shi a silima a watan Satumba na 2024, da majigi na gaske, ra'ayin mutane rabuwa ya yi. A Amurka ma bai shiga silima kamar na baya ba, kai tsaye aka sake shi a intanet a Oktoba.

Dalilin rabuwar a fili yake. Masu cewa jabu ne, Ron Perlman suke nema, wanda ya fito a matsayin Hellboy a na 2004 da na 2008 da Guillermo del Toro ya shirya. Na 2004 an kashe masa wajen dala miliyan 66, na 2008 wajen 85, na 2019 da David Harbour wajen 50. Wannan da Jack Kesy wajen miliyan 20 ne, kuma a Bulgeriya aka ɗauke shi duk da labarin na duwatsun Afalashiya ne a Amurka. Wanda ya zo kallon dodanni da rugujewar birni dole ya ji an cuce shi.

Masu yabonsa kuma yawanci waɗanda suka san littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki ne. Mike Mignola ya rubuta, Richard Corben ya zana, fitowa uku a 2008, har ya ci kyautar Eisner ta littattafan zane a 2009. Ƙaramin labari ne na ƙauye: Tom Ferrell ya dawo gida bayan ya taɓa tsafi yana yaro, ga mayya Effie Kolb da ta mayar da mahaifinsa doki tana hawa, ga makahon limamin coci, ga shi Karkataccen Mutumin, wato Crooked Man ɗin, da aka rataye tun ƙarni na 18 ya dawo yana karɓar rayuka. Fim ɗin ya bi littafin sosai, Mignola ma yana cikin marubutansa. Gizo-gizon da aka yi wa dariya da abokiyar aikin Hellboy ɗin nan Bobbie Jo Song ba sa cikin littafin, ƙari ne, kuma gizon shi ne inda ƙarancin kuɗin ya fi nunawa, ga shi da shi aka buɗe fim. Malam Mai Majigi, hoton wa ka sa a fosta?

Mai Majigi:
Wanda mai buga fosta ya samo ne, jan mutumin riƙe da babbar bindiga. Ai duk Hellboy ne, ban ga abin damuwa ba a nan. Kuma ni ban ce wa kowa fim ɗin faɗa ba ne, na rubuta "tsoro" ɓaro-ɓaro.

Baban Zane:
To in hoton Perlman ne, ka tallata tuwo ka kawo kunu. Canza fosta, sa bukka da dajin da Karkataccen Mutumin. Kafin ka kunna ka tsaya minti biyu ka gaya musu: labari ne na mayu a ƙauyen Amurka a 1959, akta ba zai yi ta duka ba, bos ba ya fitowa sosai sai can gaba. Wanda ya zauna bayan ya ji haka, ya yarda da abin da zai gani.

Kuma ban yarda da sauke gamma ba. Duhun nan da gangan ne, shi ke rufe aibin fentin jiki da na aikin kwamfuta. Ka buɗe inuwa ka tona musu asiri, dariyar ta ƙaru.

Injiniyan Sauti:
Malam Baban Zane, duhun da darakta ya nufa daban, duhun majigin da bai da ƙarfi daban. Daga 2.2 zuwa 2.0 ba zai tona komai ba, zai dawo da abin da ya ɓata ne kawai. Abin da ke damuna da harkar nan ke nan, kowa ya iya sharhin labari, amma a gidajen kallonmu za ka ga an sa amfilifaya mai ƙarfin wat 100 a kan sifika mai ɗaukar 30, waya a murɗe da hannu ba salatif, in ta ƙone a ce kayan zamani ba su da ƙarko. Masu kawo majigin nan kuma ba mai tambayarsu lambobin da suke bugawa a kwali.

Anti Mai Fassara:
Duk kun tsallake abu guda. Mutanen fim ɗin nan da karin harshen mutanen duwatsu suke magana, suna haɗiye ƙarshen kalma, ga tsofaffin kalmomi. Wanda ya iya Turancin makaranta ma sai ya kasa kunne. Ko ka gyara tashar tsakiya, in ba su fahimci yarjejeniyar tsafin da Tom ya yi da kuma ƙashin sa'ar da yake ɗauke da shi ba, duk abin da ya faru a coci ba shi da ma'ana a wurinsu. Ɗana, sa rubutun ƙasa, girman harafi ya kai a karanta daga bencin ƙarshe, launin rawaya mai baƙin gefe, layi biyu kawai. In rubutun ya riga magana ko ya makara, a VLC maɓallan G da H ke matsar da shi, kowane danni milisakan 50. Mafi kyau ma ka samu mai bakin fassara ya riƙe makirfo, amma ya yi shiru a wuraren tsoro. Masu fassarar yanzu da yawa ba sa bari fim ya numfasa, ana shirin firgita mutum su kuma suna sako barkwanci, shi ya sa samari suka saba duk fim ɗin tsoro abin dariya ne.

Dattijon Layi:
Ni tambayata daban ce. Wa ya tsaya a ƙofa? Fim ɗin nan a Amurka alamar R gare shi, wato ba na yara ba ne. Akwai inda aka nuna fatar mace a yashe a gado babu kowa a ciki, wata dabba ta shiga ta baki ta cika ta. Ga tsafi, ga shaiɗan, ga jini. Ka ce samari, shekarunsu nawa? Ba ka kuma faɗi garin da kake ba. In a Kano ne, gidajen kallo suna ƙarƙashin Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, kuma rajistar da ka gada ta ƙwallo ka je ka tambaya ko ta haɗa da haska fim. Sannan karɓar kuɗin ƙofa a kan fim yana buƙatar izinin masu shi, sayen faifai kaɗai bai ba ka wannan ba. Daren Juma'a bayan isha'i kana nuna mayu a unguwa, iyaye biyu suka kai ƙara wurin mai unguwa an gama. Shawarata ka bi maganar yayanka.

Mai Majigi:
Baba na gode, amma wurina ba a taɓa kawo ƙara ba, kowa ya san ni a layin. Yara ƙanana ba sa zuwa da dare. Maganar majigi kuma, Yallaɓai Injiniya, wanda ya sayar min ya gwada shi a gabana a shago hoton ya fito tas, ban jin shi ne matsalar. In na rage hoto zuwa inci 80 na baya ba za su gani ba, kuma girman hoton ne ya jawo mutane. Mai fassara kuma sai na biya shi, daga ina?

Ɗan Silima:
Ka bar wannan fim ɗin kawai. Sa na 2004 wannan Juma'ar ka wanke ranka a wurinsu, ka bar waɗanda suka nemi kuɗinsu su shiga kyauta, sati na gaba na 2008, sai ka dawo da wannan a na uku.

Baban Zane:
Wannan ita ce hanya mafi muni. Ka nuna musu miliyan 66 da 85 a jere sannan ka kawo 20? Kuma na del Toro ba fina-finan tsoro ba ne, daren tsoron ya tashi daga aiki ke nan. In zai maimaita, ya maimaita shi shi kaɗai, ga mutum ashirin da suka san abin da suka zo gani, a rage benci a matso gaba.

Injiniyan Sauti:
A shago da wane hoto aka gwada maka? Na tabbata katun ne ko bidiyon furanni, daga nisan mita ɗaya. Yau da dare ka kashe fitilu, ka kunna wurin da suka shiga rami, ka je bencin ƙarshe ka zauna. In ka iya bambance fuskokinsu da bango, ka dawo ka ce min na yi kuskure. Turo min lambar samfurin da ke ƙarƙashin majigin in duba ainihin haskensa.

Mai Majigi:
Zan duba lambar in na je. Amma fostar na riga na biya an buga guda hamsin, ba zan zubar ba. Yanzu dai wanne zan sa ranar Juma'ar? Yayana yana ta kira ban ɗauka ba.