Neman kalmar Hausa: turaren da ake rubuta wa "unisex"

Mai shagon turare, Babbar Kasuwar Sakkwato:
Assalamu alaikum. Kwalaben da ke shigowa daga Dubai yanzu, da yawansu an rubuta unisex a jiki, wato turaren da namiji da mace duk ke iya shafawa. Masu talla a WhatsApp suna kwafo kalmar yadda take, mai saye kuma sai ya tambaya. Muna son suna guda da za mu sa a takardar farashi. Abin da anka kawo zuwa yanzu: turaren mata-maza, turaren gama-gari, turaren haɗaka. Malamai, mi kunka gani?

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mata-maza a cire shi tun yanzu, domin Bahaushe ya riga ya ba shi ma'anar halitta mai siffar jinsi biyu, ba magidancin da zai nemi turare da wannan suna. Gama-gari kuma yana rage wa kaya daraja, alhali udu mai kyau yana cikin mafi tsadar abin da ke shagonka.

Mai haɗa humra, Mabera:
Haɗaka ma da matsala, Malama. A sana'armu haɗi shi ne cuɗa kayan ƙamshi, don haka mai saye zai zaci an zuba na maza cikin na mata an girgiza. Ba haka ake yin shi ba. Ana rage zaƙin fure da banila, a rage kaifin kayan yaji, a dora nauyin a kan sandal, udu, miski da ambar, sannan a buɗe shi da ɓawon lemo. Ƙamshin lemon nan shi ke fara bugun hanci, cikin kamar minti 15 ya tafi. Ƙamshin da ke biyo bayansa ya ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Itace da miski su ke zama a jiki har dare, a riga kuwa har washegari.

Mai shagon turare:
Hajiya, to batun da 'yan talla ke yi cewa irin turaren ga yana nuna halin mai shi fa? Wasu ma sun ce a kira shi turaren hali.

Mai haɗa humra:
Akwai gaskiya ciki, amma ba duka ba. Kwalba ɗaya a jikin mutum biyu ba ta ba da ƙamshi ɗaya. Fata mai maiƙo tana riƙe shi ya daɗe. Busasshiyar fata, musamman da hunturu, sai ta sake shi da wuri, shi ya sa ake fara shafa mai marar ƙamshi kafin a fesa. Da bazara, in zafin garin ga ya haura digiri 40, mai zaƙi yakan yi nauyi har ya hau kai. Wannan duk aikin fata ne da yanayi, ba hali ba.

Inda hali ke fitowa shi ne wurin zaɓi da yawan sawa. Wanda ya tsaya a fesa biyu na sandal ba ɗaya yake da wanda ya yi takwas na udu ya shiga ƙaramin ofis ba, na biyun bai duba waɗanda ke zaune da shi ba. Kuma tunda kwalbar ba ta ce wa kowa "naka ne" ko "nata ne" ba, hancin mutum kaɗai ke yi masa zaɓi. Amma kowane turare haka yake, don haka turaren hali bai bambanta komai ba.

Ga mai son gwadawa: fesa ɗaya a wuyan hannu, kada a murza, a jira rabin awa kafin a yanke shawara. Kada a wuce iri uku a zama ɗaya, hanci na gajiya. Mai saye daga shinshinar murfi, ƙamshin farko kawai ya saya.

Malamin Islamiyya, Kanwuri:
Allah shi saka, Hajiya. Abin ba baƙo na ba a wurinmu. Miski da udu maza da mata sun daɗe suna sawa, haka Bintu Sudan da anka fara yi a 1920. Turawa ne sunka raba kwalabe gida biyu, sannan sunka dawo suna tallar na kowa, musamman bayan fitowar turaren CK One na kamfanin Calvin Klein a 1994. Sai dai a kula: Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa turaren maza shi ne wanda ƙamshinsa ya bayyana launinsa ya ɓoyu, na mata kuma launi ya bayyana ƙamshi ya ɓoyu. Sunan da za a zaɓa ya nuna kwalba ɗaya ce, kada ya nuna hukuncin fita da shi waje ya zama ɗaya.

Malamar Hausa:
To ga shawarata, Malam: turaren tarayya. Muna cewa sun yi tarayya a gado, sun yi tarayya a gona, abu ɗaya masu shi biyu, kowa da yadda yake amfani da rabonsa. Wani zai ce kunne zai tafi ga gwamnatin tarayya, amma kalmar turare da ke gabanta ta tsare wannan. Tana kuma karɓar wasu kaya: agogon tarayya, man shafawa na tarayya.

Mai haɗa humra:
Na yarda da shi. Sai dai a farko a riƙa biyo shi da "na maza da mata" har kunne ya saba.

Mai shagon turare:
Madalla. Zan rubuta "Turaren tarayya, na maza da mata", in sa mililita nawa ne da farashi a ƙasa. Saura haruffan EDP da EDT da ke nuna ƙarfin turare a jikin kwalabe: na farko man ƙamshinsa kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, na biyu kashi 5 zuwa 15. Mu nan "mai kauri" da "mai sauƙi" muke cewa. Malama, sun isa a rubuta ko da gyara?