Neman shawara kan sayen tsohuwar Land Cruiser a Jidda

Abu Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Jidda, kuma ina da niyyar sayen tsohuwar mota mai dabal (mai ja da tayoyi huɗu) wadda zan riƙa ɗaukar iyali da ita zuwa Makka da Ɗa'if, wani lokaci kuma mu fita bayan gari. An nuna mini Land Cruiser ƙirar 2004, fentinta yana ta sheƙi, dillalin kuma ya rantse cewa ba ta taɓa haɗari ba. Don Allah me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗina?

Bakaniken Sana'iyya:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Khadija. Kada fenti ya ɗauke maka hankali, domin shi ne abu mafi arha da ake gyarawa kafin a kai mota kasuwa. Ka sa a ɗaga ta a gareji, ka shiga ƙarƙashinta da fitila, ka bi shasin daga gaba har baya kana neman tsatsa, da alamar walda, da wurin da aka miƙe ƙarfe bayan ya lanƙwashe. Motocin bakin teku irin na Jidda da Dammam suna shan danshi da gishiri, kuma motar da take a garin nan tun 2004 ta ga ambaliyar 2009, saboda haka ka ɗaga kafet ka duba ko akwai busasshen taɓo ko wayoyin da suka yi tsatsa. Idan ka ga an shafe ƙarƙashin da sabon baƙin fenti, wannan kaɗai ya isa ya sa ka ƙara bincike.

Inji kuwa, ka je da sassafe tun bai yi zafi ba a tayar da shi a gabanka. Ka lura da hayaƙin salansa, ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ko ya yi fari-fari kamar madara, domin hakan yana nuna ruwa na shiga mai. Ka tambaya ko injin mai silinda 6 ne ko V8, saboda V8 ɗin bel yake amfani da shi a taimin, kuma ana sauya shi wajen kilomita 150,000. A nuna maka rasidin sauyin. Dabal ɗin ma sai an gwada shi a kan ƙasa, ba a kwalta ba, ka ji ya shiga ya fita ba tare da ƙara ba. Tunda hawan Hada, hanyar dutsen da ke tsakanin Makka da Ɗa'if, za ka riƙa yi da iyali, ka tuƙa ta da nisa da na'urar sanyaya a kunne, idonka a kan allurar zafi.

Abu Fahad:
Ni a kan takardu zan ƙara. Ka gwada lambar shasin da ke jikin motar da wadda ke cikin istimara, wato katin rajistar motar, ka tabbatar fahas ɗinta, wato shaidar gwajin lafiyar mota, bai ƙare ba, sannan ka ciro rahoton Mojaz, wanda zai nuna maka haɗurran da aka rubuta mata da yawan hannayen da ta ratsa. Idan iƙama (takardar zaman baƙi) gare ka, ka fara tambayar Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ko za a yarda a mayar da ita sunanka, domin motoci masu kujeru da yawa suna da nasu sharuɗɗan. Kada ka cika kuɗi sai mallakar ta koma gare ka.

Baba Makkawi:
Ɗana, ka guji wadda samari suka ɗaga ƙafafunta suna hawan tudun yashi da ita, ko da kilomitarta kaɗan ce. Gara wadda ta yi tafiya mai yawa a hannun magidanci guda.

Abu Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan nemi dillalin ya kawo ta garejin da ni na zaɓa, in ya ƙi kuwa zan nemi wata.