Sitiyarin G29 ya yi nauyi a kwana, ya yi sakwa-sakwa a tsakiya

Ɗan Talladje: Assalamu alaikum ƴan zaure. Sitiyarin wasa G29 ne a kan kwamfuta, wasan tseren mota Assetto Corsa. A miƙaƙƙiyar hanya tsakiyar sitiyarin sakwa-sakwa take, kamar ba a haɗa shi da komai ba. Da an shiga kwana kuma sai ya yi nauyi iri ɗaya har a fita, ba a jin lokacin da tayoyin gaba suka fara zamewa. Gain, wato saitin ƙarfin martanin da sitiyari yake kawowa hannu, yana kan 100. Totur ma wani sa'in rawa yake shi kaɗai. Ta ina zan fara?

Malam na Boukoki: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ciwo uku ka kawo a faranti ɗaya, kuma nauyin kwanar nan shi ne babba. Injinan G29 biyu ne ƙanana, ƙarfinsu duka bai wuce Nm 2 (ma'aunin ƙarfin juyi) da ɗan wani abu ba. Wasan ne yake lissafa abin da taya take ji ya aiko wa sitiyari. In Gain yana 100, a motoci da yawa abin da ake aikowa a tsakiyar kwana ya fi ƙarfin injin, sai ya ƙure. Ko wasan ya nemi 100 ko 140, hannunka abu ɗaya yake ji. To ita zamewar taya raguwar nauyi ce, a ce daga 140 zuwa 110, kuma duka biyun sun wuce iyakar injin, shi ya sa ba ta isowa hannunka. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya ne, ƙara ta cika ɗaki amma ba a gane maganar.

Da idonka za ka gani. Cikin wasa ka kunna ɗan allon nan mai nuna feda, yana cikin jerin da ke gefen dama. Sanda ta ƙarshe ita ce ta martanin sitiyari, toka-toka ce, in ta ƙure ta koma ja. Yi zagaye uku a filin tseren Spa da motar da ka saba. In ja ya ƙifta lokacin da ka hau dakalin gefen hanya, ba komai. In ya zauna tun shigar kwana har fita, rage. Maɓallan + da − na ɓangaren lambobi a kibod suna canza ƙarfin motar da kake ciki kaɗai, ko kana cikin tuƙi. Fara daga 75 ka lalubo. Da farko za ka ji kamar an rage maka wani abu, ka daure, a zagaye na biyar za ka fara jin gaban mota yana sakin hanya.

Mai shagon wasa na Wadata: Gaskiya ne malam, amma kafin ya taɓa wasan ya buɗe G HUB, manhajar saita sitiyarin, tukuna. Juyin sitiyari ya zama digiri 900, Sensitivity ya tsaya 50, don a nan ne juyin hannu da na taya suke tafiya daidai. Sannan ya cire alamar da ke kan sifirin mai mayar da sitiyari tsakiya. Wannan sifirin na ƙarya ne, ja yake yi kullum ko taya tana ƙasa ko tana sama, yana binne ainihin martanin. A cikin wasan ma ya sa 900, Assetto Corsa da kansa yake rage wa kowace mota nata. In G HUB yana 900 wasan yana 540, hannu da allo sun raba hanya ke nan. Ɗan makunnin da ke saman sitiyarin kuma a bar shi kan PS4 in a kwamfuta ne.

Malam na Boukoki: Sai sakwa-sakwar tsakiya. Wannan halittar G29 ce, da G920 da G923 duka, saboda da haƙoran giya suke aiki, kuma ƙaramin sigina ba ya isa ya motsa su. Maganinta saitin Minimum Force na cikin wasan, wato mafi ƙarancin ƙarfin da ake aika wa sitiyari. Sa 10, ka hau miƙaƙƙiyar hanya, ka ɗan sassauta hannu. In har yanzu babu komai a tsakiya, ƙara 2. In sitiyarin ya fara kaɗa kai dama da hagu shi kaɗai, ka wuce gona da iri, koma baya da 2. Kada ka haura 15.

Ɗan Lazaret: Ni shawarata ya ƙara girgizar hanya da ta dakali da ta zamewa zuwa 40 ko 50, sitiyarin zai yi rai.

Mai shagon wasa na Wadata: A'a ɗan'uwa, ban da a G29. Waɗannan ukun ƙari ne da aka ɗora a kan lissafin taya, kuma daga cikin ɗan ƙarfin nan na Nm 2 suke ci. Giya kuma ba ta son girgiza mai sauri, ƙwaranƙwasa za ta yi ta yi har maƙwabta su ji. Dakali 0, tunda wasan ya riga ya aiko shi ta taya. Hanya 10 zuwa 15 in yana so. Zamewa 10 ta isa. Kuma abu ɗaya ake canzawa a gwada, in ya juya huɗu lokaci guda ba zai san wanda ya gyara ko ya ɓata ba.

Mai gyara na Katako: Rawar totur ba ta saiti ba ce, ƙura ce. A gindin kowace feda akwai ɗan maɗauri mai juyawa, irin na ƙara muryar rediyo, kuma ƙurar hunturu tana shiga ta zauna kan zanen gawayin da ke ciki. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta joy.cpl, ka taka totur a hankali kana kallon sandar. In tana tsalle ko ba ta komawa sifili, shi ne. Cire wuta da USB. Kwance fuskokin fedar da makullin alan na milimita 2.5, kifa ta, cire sukurorin ƙasa, akwai waɗanda suke ɓoye ƙarƙashin abin riƙe kafet. Ɗaga murfin sannu don wayoyin sirara ne kuma gajeru. Fesa maganin wanke kayan lantarki cikin ramin maɗaurin, taka fedar da hannu sau talatin, bari ya bushe sarai. Ban da man inji, ban da fetur, ban da man kwance tsatsa, maiƙonsu ƙura yake kira. Bayan nan a riƙa rufe fedar da zane in an tashi.

Ƴar Yantala: Tunda ana kai, sitiyarin Thrustmaster T300 RS fa? Yana farawa da ƙarfinsa, bayan kamar rabin awa sai ya yi laushi.

Mai gyara na Katako: Zafi ne, ƙanwata. In injinsa ya ɗumama, da kansa yake rage ƙarfi don kada ya ƙone, kuma bazarar Yamai da take wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu ba ta ba shi wurin hucewa. Danna maɓallan ST da MODE tare. In fitilar ta ƙifta sau biyu, fankar ciki za ta riƙa juyawa tun daga kunnawa, ba sai ya yi zafi ba. In bai amsa ba, sabunta masa manhajar ciki. A allon saitin Thrustmaster ki bar ƙarfin gaba ɗaya a 75 yadda ya zo, kada ki kai shi 100. Ki share ramukan iska da busasshen burushi, ki sa bantilatar ta hura shi ta baya. Sannan duk mai sayen T300 na hannu ya karanta takardar da ke manne a jikinsa kafin ya jona. Akwai waɗanda aka yi wa Amurka masu cin bolt 110 kawai, kuran ɗinmu kuwa 220 ne, jonawa ɗaya ta isa ta kashe shi.

Malam na Boukoki: Maganar kuran ta shafi mai G29 ma. Cajarsa bolt 24 ce, amfiya 1.75, kada a musanya ta da ta kwamfutar hannu mai bolt 19 don bakin ya shiga. Alamar lafiya ita ce in an jona, sitiyarin ya juya har ƙarshe ta kowane gefe ya dawo tsakiya. In bai yi ba, ko ya tsaya a rabi, a duba cajar da bakinta da ke ƙarƙashin sitiyarin kafin a zargi wasa. Kada a riƙe shi yana wannan juyin, tsakiyarsa za ta karkace. Wuta mai hawa da sauka kuma regilatar take so, ko ondilar, ba ralonjin da firij yake kai ba.

Ɗan Lazaret: In kuwa maɓallai da feda suna aiki amma martani babu ko kaɗan, abu biyu za a duba. USB ya shiga bayan kwamfuta kai tsaye, ba ta abin rarraba baki ba. A Steam kuma, manhajar da ake buɗe wasan ta cikinta, a shiga saitin wasan a kashe Steam Input, don yana sa wasa ya ɗauki sitiyari a matsayin manet.

Ɗan Talladje: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gain 78, Minimum Force 12, sifirin a kashe, jan ya daina zama a kwana. Saura fedar. Maigida, a Katako ana samun maganin fesawar?

Mai gyara na Katako: Ana samu wajen masu gyaran rediyo da telebijin. Ka fesa kaɗan a bayan hannunka kafin ka biya: na kirki nan take yake bushewa, in ya bar maiƙo ka ajiye musu.