Tambaya kan hujjar William James game da wanzuwar rai

Assalamu alaikum malamai. A zaman karatunmu na Agege mun maƙale kan laccar da William James, masanin falsafa ɗan Amurka, ya gabatar a 1897 a Jami'ar Harvard game da wanzuwar rai bayan mutuwa. Ya ce ba dole ne ƙwaƙwalwa ce ke haifar da tunani ba, tana iya zama mashiga kawai, kamar gilashi mai launi da haske ke ratsawa.

To in gilashin ya fashe, wato ƙwaƙwalwa ta mutu, hasken ya koma tushensa, me ya rage na mutumin kansa, halinsa da abin da yake tunawa? Kuma a ma'aunin James, ra'ayi sai ya kawo bambanci a aikace, alhali raunin ƙwaƙwalwa yana ɓata tunani a ra'ayoyin biyu, ko ita ce ke haifar da shi ko mashiga ce kawai. Ina bambancin yake? Don Allah wanda ya karanta gabatarwar bugu na biyu na littafin laccar ya warware mana.