Tafiyar jirgin ruwa: me ake riƙewa a hannu, me ake sa wa cikin valiz?

Mai tambaya, daga Bagalam:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke Faransa ya biya wa tsofaffinmu tafiyar kwana 7 cikin jirgin ruwan yawon buɗe ido, tashi daga Marsai. Za su hau kar daga nan Maraɗi zuwa Yamai, daga can jirgin sama ta Kasablanka. Baba na shan maganin hawan jini, Inna kuma tana allurar ciwon suga. Ni zan haɗa musu kaya. Don Allah me zai shiga manyan valiz, me za su riƙe a hannu?

Wani Alhaji, daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da lissafin sau nawa valiz za ta rabu da su. Ta farko a tasha, inda yaran mota ke cusa ta ƙarƙashin kar, sai Yamai, sama da kilomita 600. Ta biyu a filin jirgin Diori Hamani. Ta uku a bakin teku: 'yan dako ke karɓar ta tun ƙofa, a maƙala mata takarda mai lambar ɗaki, su kuma su wuce ciki hannu sake. Jirgin da ke ɗaukar mutum dubu uku ko huɗu, kafin a tace kayansu a raba ɗaki-ɗaki, wani sai bayan magariba tasa ke isowa. In takardar nan ta cire kuwa, sai an bi sawu. To duk abin da ba za su iya yini da kwana babu shi ba, kada ya shiga valiz.

Na farko takardu: fasfo, biza, tikitin jirgin ruwan da aka buga a takarda, takardar inshora da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar fasfo cikin aljihun valiz a miƙa wa ɗan dako, sai an iso gaban mai dubawa a tuna. Babu fasfo babu shiga, kuma jirgi ba ya jiran kowa. Ka yi fotokofin kowace takarda kashi biyu, ɗaya cikin valiz, ɗaya wurinka.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Ali Ɗan Sofo:
Yayana, maganar Inna ce ta fi damuna. Insulin, wato maganin allurar ciwon sugan, ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara. Ƙarƙashin kar da rana tanda ce, wajen kayan jirgin sama kuma sanyinsa na iya daskarar da shi, kuma wanda ya taɓa daskarewa ya tashi aiki ko da ya narke ya koma kamar lafiyayye. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda ake amfani da shi yana kai kamar sati huɗu in bai wuce zafin da aka rubuta a kwalinsa ba. Ka samo ƙaramar jaka mai riƙe sanyi, a naɗe kwalbar da tsumma don kada ta jingina da ƙanƙarar kai tsaye. Firjin ɗakin jirgi sau da yawa sanyaya lemo kawai yake yi, don haka ranar shiga su gaya wa mai kula da ɗaki cewa akwai insulin, su kuma roƙi robar zuba allurar da aka yi amfani da ita.

Allurai, na'urar awon suga da tsinkayenta, dabino ko suga ɗan kaɗan saboda faɗuwar suga a cikin layi, duk a hannu. Maganin Baba a bar shi cikin kwalinsa na farmasi, kada a ɓare a zuba cikin leda, a haɗa da ordonans da takardar likita da Faransanci. A ƙara na sati guda kan kwanakin tafiyar. Akwai likita cikin jirgi, amma ganinsa da kuɗi ne masu tsada, kuma ba lalle a samu irin ƙwayar da Baba ya saba ba. Tabarau ma kada a manta.

Wani mai gyaran waya, daga Babbar Kasuwa:
Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka ba ya shiga kayan da ake aunawa a jirgin sama. Lithiyom ne, in ya kama wuta can ƙasa babu mai gani. A hannu ake riƙe shi, kuma kada ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ya wuce 100 Wh. Mai 20,000 mAh yana kama 74 Wh, ba shi da matsala. Mai 30,000 ya haura, sai da izinin kamfanin jirgi. Wanda rubutun jikinsa ya goge, ana iya karɓe shi. Caja da waya su ma a hannu.

Wata Hajiya, daga Sabon Gari:
Akwai kashi na uku da ba a faɗa ba, wato abin da za a bari a gida gaba ɗaya. Na san halin iyayenmu mata, Inna za ta ce sai da turaren wuta da kasko. Ka lallashe ta. A teku babu abin da ake tsoro kamar gobara, shi ya sa turaren wuta, gawayi, kyandir, dutsen guga, butar dafa ruwa ta lantarki da ralanji mai kariyar wuta duk an hana su. Na'ura na ganin su cikin valiz, a tsare ta a ƙasa, a kira mai ita ya sauko ya buɗe. Ga jinkiri ga kunya. Humra da turaren shafawa ba laifi, amma su a valiz, don a hannu jirgin sama ba ya barin kwalbar da ta wuce mililita 100. Butar alwala ta roba ita ma a valiz.

Kilishi, dambun nama, man shanu da cuku: Tarayyar Turai ba ta barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shigo da nama ko kayan madara, ko cikin wace jaka suke. Zinari in za ta tafi da shi, a jikinta ko jakar hannu, a kulle cikin akwatin ƙarfen ɗaki. Kamfanonin jirgi ba sa ɗaukar nauyinsa in ya ɓace cikin valiz.

Alhajin Zariya ya ƙara:
Gaskiyar Hajiya. Kuɗi ma haka, a jiki. In sun kai yuro 10,000, wato sama da miliyan shida da rabi na sefa, sai an sanar da duwan. Sannan kowa ya sa kaya kala ɗaya da darduma cikin jakar hannu, a kuma cuɗanya valiz biyun, rabin kayan Baba wurin Inna, rabin nata wurinsa, ko da ɗaya ta maƙale a Kasablanka.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To ranar sauka fa, su za su ja kayansu?

Hajiyar Sabon Gari:
A'a, sai in sun zaɓi haka. Daren ƙarshe ake fitar da valiz bakin ƙofar ɗaki kafin sa'ar da aka rubuta musu, ba za su sake ganin ta ba sai sun sauka da safe. Ka ja musu kunne su ware kayan da za su sa, takalmi, buroshi, maganin safe, fasfo da katin ɗaki, don da shi ake fita daga jirgin. Kuma jakar hannun ta zama mai taya, kada ta yi nauyi, tunda ranar shiga za su iya jan ta awa biyu ko uku kafin a buɗe ɗakuna.